Gani Ya Kori Ji: Abubuwan Mamaki Daga Hotunan Kamun Miyagu

Da sassafe a teburin mai shayi na bakin tashar Na'ibawa, lokacin da ma'aikatan Sharaɗa da Challawa ke jiran mota, na ga waya ɗaya ta zaga hannu bakwai kafin ta komo wa mai ita. Hoton wani ne da aka ce an kamo daga daji. Yana zaune dirshan a ƙasa, ba riga, ankwa a hannu, an jera masa layu da guraye da wata tsohuwar bindiga a gaba, jami'ai kuma na tsaye a bayansa, ba abin da ake gani nasu sai takalma. Wani dattijo ya ƙura wa wayar ido, ya matso da ita, ya nesanta ta, sannan ya dubi yaron da ya miƙo masa.

"Ɗana, wai wannan ne? Wannan ɗan firit ɗin?"

"Wallahi Baba, shi ne."

Dattijon ya miƙa waya, ya koma kan shayinsa kamar wanda aka cuta a ciniki. Wannan takaicin nasa ya girmi wayar hannu da fiye da shekara ɗari. Tun da aka fara ɗaukar hoton mugu ran da dubunsa ta cika, jama'a ke rugawa kallon dodo suna tarar da mutum. Ga kaɗan daga abin da ya wakana a gaban kyamara, nan gida da can nesa.

Dubi nan, juya gefe. Hoton nan guda biyu da ake yi wa wanda aka kama, ɗaya ta fuska ɗaya ta gefe, Alphonse Bertillon ne ya daidaita shi a 1888, mutumin da ya shiga ofishin 'yan sandan Paris a matsayin ƙaramin akawu. Na gefen saboda kunne ake yin sa: gemu ana askewa, suna ana canzawa, kunne kuwa yana nan inda Allah ya ajiye shi. Bertillon yana auna kai da yatsa da ƙafar hagu, ya rubuta a kati. Abin ya shiga jininsa har a 1893 ya zaunar da wani yaron gidansu ɗan wata 23, ya ɗauke shi gaba da gefe, ya cika masa katin masu laifi. Laifin yaron: ya bi 'ya'yan itacen da ke cikin kwando ya gaggatsa su duka.

Will da William. A 1903 aka kawo wani fursuna mai suna Will West kurkukun Leavenworth a Amurka. Aka duba kati aka ce ai ka taɓa zuwa, ga hotonka. Ya rantse bai taɓa ba. Ashe mai katin, William West, yana cikin gidan a lokacin, yana zaman ɗaurin rai da rai. Fuska kusan ɗaya, awo kusan ɗaya, zanen yatsa ne ya raba gardama.

Mai hular zomo. In ana lissafin makasan karkara da hoto ya adana fuskarsu, Joseph Vacher na Faransa yana sahun gaba. Tsohon sajan ne na soja. A 1893 ya harbi budurwar da ta ƙi aurensa, ya juya bindiga ya harbi kansa. Babu wanda ya mutu a cikinsu, sai dai harsashi ya zauna masa a kai, ɓarin fuskarsa ya shanye. Aka kai shi asibitin masu taɓin hankali, a Afrilun 1894 likitoci suka ce ya warke sarai, suka buɗe masa ƙofa.

Shekara uku yana gararamba a ƙasa daga ƙauye zuwa ƙauye, yau bara, gobe ƙodago a gona, yana kashe duk wanda ya tarar shi kaɗai, galibi yara makiyaya masu tsaron tumaki a bayan gari. Asirinsa ƙafarsa ce. Kafin a tsinci gawa ya ci tafiyar yini, ya faɗa hurumin wani alƙalin da bai san wainar da ake toyawa a maƙwabta ba. Mutanen ƙauye kuwa sai su waiwayi na kusa da su. Akwai bayin Allah da aka tsare, aka ƙaurace musu, a kan jinin da ba su zubar ba.

Ba ma ɗan sanda ne ya kama shi ba. A Agustan 1897, a yankin Ardèche, ya far wa wata mata da ke tsince-tsince a daji, ta kurma ihu, mijinta ya sheƙo, aka taru aka danne shi. Kotu ta ba shi wata uku kacal. Da an bar shi, da ya cinye wata ukunsa ya ƙara gaba, sai dai wani alƙali mai bincike a garin Belley, Émile Fourquet, ya riga ya tattara labaran kashe-kashen yankuna daban-daban ya ga hannu ɗaya ne, ya kuma aika wa takwarorinsa kamannin mutumin. Vacher ya amsa mutum 11 da bakinsa, uzurinsa wai mahaukacin kare ne ya cije shi yana yaro. Abin da ya fi damunsa a tsare shi ne jaridu su buga wasiƙarsa. Da aka zo hoto, ya ɗora farar hularsa ta fatar zomo, wadda yake cewa alamar tsarki ce, kuma da ita duniya ta san shi. An sare masa kai a Bourg-en-Bresse ran 31 ga Disamba, 1898.

Sulken garma. Ned Kelly na Ostireliya ya kashe 'yan sanda uku a daji a 1878. Shi da yaransa suka tara ƙarafan garmar shanu suka ƙera sulke da kwalkwali. Nasa ya kai kilo 44. A arangamar Glenrowan, Yunin 1880, harsashi na dukan ƙirjinsa yana tsalle, har wani ɗan sanda ya lura cewa maƙerin ya manta da ƙafafu. Can aka harbe shi ya zube. Abokinsa Joe Byrne ya mutu a wurin, sai hukuma ta rataye gawarsa da igiya a jikin ƙofar ofishin 'yan sanda na Benalla don masu hoto su ɗauka a tsaye. Shi kuwa Kelly, ana gobe za a rataye shi ran 11 ga Nuwamba, 1880, aka yi masa hoto don danginsa, gashi a taje, gemu a gyare, kamar mai shirin zuwa ɗaurin aure.

Bahagon da ba bahago ba. Shekaru da dama Amurkawa na cewa ɗan bindigarsu Billy the Kid bahago ne, har fim aka yi a kan haka, don a hotonsa bindigar tana kwankwason hagu. Irin hoton zamanin, na kan farantin ƙarfe, juya mutum yake kamar madubi. A 2011 aka sayar da ɗan farantin dala miliyan 2.3.

Wa ke riƙe da kyamara? Nan ƙasashenmu, hoton gawar wanda ake tsoro da Turawan yaƙi ya shigo. Ran 22 ga Afrilu, 1900, Faransawa suka kashe Rabe, wanda ya ci Borno ya zauna Dikwa, a yaƙin Kuseri. Suka yanke kansa, wani soja ya ɗaga shi, aka ɗauki hoto. Kwamandansu Lamy shi ma a ranar ya mutu, shi aka sa wa birni sunansa, Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Ɗaya ya samu birni, ɗaya ya samu hoto.

A Oktoban 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, ya yo Kano, Sarki Alu ya karɓe shi hannu bibbiyu. A takardun Gwamna Lugga sunansa mai kisan kai da ake nema, kuma karɓar da aka yi masa na cikin hujjojin da aka kafa aka ci Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903. Ba su taɓa sa masa mari ba; a Burmi ya faɗi ran 27 ga Yuli, 1903, tare da Sarkin Musulmi Attahiru. Abin da aka yi wa gawar Sarkin Musulmi ba ya daɗin faɗi: an raba kai da gangar jiki, an ɗauki hoto, an yi ta nunawa don jama'a su fid da rai. Na sako wannan a nan ne da gangan, ko da yake ba sahun Vacher suke ba, ko kusa. Kalmar da aka rubuta a ƙarƙashin hoto, mai kyamara ne ke zaɓarta, kuma a 1903 kyamarar ba a hannunmu take ba.

Gawar da aka tono don a gani. Duk Bakanon da ya haura hamsin yana da labarin Disamban 1980. Muhammadu Marwa, wanda Sarki Sanusi ya kora daga Kano a 1962 ya sake dawowa, ya mai da 'Yan Awaki tungarsa, yana tsine wa mai agogo da mai rediyo da mai keke, har tsinuwar ta zama sunansa. Rikici ya tashi ran 18 ga wata, 'yan sanda suka kasa, sai da soja suka shigo a ƙarshen wata. Adadin da hukuma ta bayar na mamata 4,177 ne.

Maitatsine bai shiga hannu da rai ba. Ya samu rauni, almajiransa suka fice da shi bayan gari, ya mutu, suka binne shi a ɓoye. Amma gari ya riga ya cika da zancen cewa ƙarfe ba ya cin sa, yana da layar zana, yana ɓacewa. Wa zai yarda da sanarwar rediyo? Dole aka tono gawar, aka kai ta mutuware, aka ɗauki hotonta, jaridu suka buga. Bayan nan aka ƙone ta don kada kabari ya zama wurin ziyara. Mutumin da ya kwana yana tsine wa kayan Nasara, da kayan Nasara aka tabbatar wa Kanawa ya mutu.

Hoton bai kashe wutar ba. Ta sake tashi a Bulunkutu ta Maiduguri da Rigasa ta Kaduna a 1982, a Jimeta a 1984, a Gombe a 1985. Musa Makaniki, wanda aka ce shi ya ja ragamar na Jimeta, ya tsallaka Kamaru, sai 2004 aka kama shi. Aka yanke masa hukuncin kisa a 2006, kotun ɗaukaka ƙara ta sallame shi a 2012.

Murmushin likita. Ishola Oyenusi bai taɓa karatun likita ba, amma Dakta Legas ke kiransa. Fashin kuɗi a wata masana'anta ta Ikeja, inda aka kashe ɗan sanda, shi ya kawo ƙarshensa.  Ran 8 ga Satumba, 1971 aka ɗaure shi a jikin ganga a Bar Beach, dubban mutane na kallo. Hoton da ya rage a tarihi ya nuna shi yana murmushi, abin da bai yi wa gwamnatin da ta shirya taron don tsoratarwa daɗi ba.

Anini a gadon asibiti. A 1986 Lawrence Anini ya addabi Benin har Janar Babangida ya tambayi Sufeto Janar Etim Inyang inda Anini yake, tambayar da ta zama abin ba'a a ƙasa. Ana cewa yana ɓacewa. Ran 3 ga Disamba aka ritsa shi, aka harbe shi a ƙafa, likitoci suka yanke ta. Daga kan gado ya fara lissafo masu ba shi labari da makami, sai ga sunan babban jami'in ɗan sanda, George Iyamu. Layar zanar tasa ke nan. Iyamu ya sha harsashi, Anini ma aka harbe shi ran 29 ga Maris, 1987.

Wadda ba a da hotonta. Masu kallon fim ɗin Indiya, ga taku. Bayan kisan maza kusan 20 a ƙauyen Behmai a 1981, 'yan sanda sun shekara biyu suna farautar Phoolan Devi ba su da hotonta ko ɗaya, jaridu na ta zana ta doguwa kyakkyawa. Da ta miƙa wuya a Bhind a Fabrairun 1983, gaban dubban mutane, sai ga 'yar gajeruwar mace da jan ƙyalle a ka, bindiga ta kusa fin ta tsawo. Ta yi shekara 11 a tsare ba shari'a, ta fito a 1994, ta ci zaɓen majalisar ƙasa a 1996, aka harbe ta a ƙofar gidanta a Delhi a 2001.

Ɗan fashi mai keken ɗinki. Lampião ya yi kusan shekara ashirin yana cin karensa ba babbaka a busasshen dajin arewa maso gabashin Barazil. Yana son turare, ya iya ɗinki, yana kuma son hoto: a 1936 ya bar wani mai hoto ɗan asalin ƙasar Sham, Benjamin Abrahão, ya bi su daji ya ɗauke su suna rawa da gyaran gashi. Gwamnati ta ji kunya, ta ƙwace fim ɗin, ta ƙara ƙaimi. Ran 28 ga Yuli, 1938 aka yi musu kwanton ɓauna, aka jera kawuna 11 a matakalar wani gini a garin Piranhas, aka ƙawata su da huluna da bindigogi, har da kekunan ɗinki. Kawunan sun zauna a wata cibiyar bincike a Salvador ana kallo, sai 1969 aka bar dangi suka binne.

Hannu a kafaɗa. A 1934 aka kawo ɗan fashin Amurka John Dillinger kurkukun Crown Point, masu hoto suka ce a matso, sai ya ɗora gwiwar hannunsa a kafaɗar lauyan gwamnati Robert Estill, duka suna fara'a. Bayan 'yan makonni ya tsere da bindigar katako, a motar shugabar 'yan sandan yankin. Hoton nan ya binne siyasar Estill.

Buharin Daji. Zamfarawa sun sha jin cewa akwai Buhari na gari, akwai na daji. Ya yi sulhu da gwamnati a ƙarshen 2016, ya koma ruwa. A Maris na 2018 aka kashe shi, kuma ba soja ba ne, tsohon yaronsa ne Dogo Giɗe, a kan rigimar shanu. Sai da aka kai gawar Gusau, Gwamna Abdul'aziz Yari ya gani, wayoyi suka ɗauka, sannan mutanen ƙauye suka yarda. Shi Dogo Giɗen kuwa an sanar da mutuwarsa fiye da sau ɗaya ba tare da hoto ba, shi ya sa ba mai saurin cewa Allah ya ƙara nauyin ƙasa.

Kamu biyu, wata ɗaya. Ran 6 ga Agusta, 2019 'yan sanda suka kama Hamisu Bala Wadume a Ibi ta jihar Taraba bisa zargin satar mutane. A hanya sojoji suka buɗe wa motarsu wuta, 'yan sanda uku suka mutu, wanda aka kama ya yi layar zana da ankwarsa. Bayan mako biyu, ina aka same shi? Nan Hotoro, tafiyar Adaidaita ɗaya daga Na'ibawa. A 2022 kotun tarayya a Abuja ta ɗaure shi shekara bakwai kan tserewa da mu'amala da makamai, ba kan kisa ba. Da ya fito a 2024, jerin motoci ne ya tarbe shi a garinsu.

Holin Bompai. Hedikwatar 'yan sandan Kano tana Bompai, cikin unguwar masana'antu, kuma can ake holin kayan da ba na sayarwa ba. Tsarin kowa ya haddace shi: a shimfiɗa wuƙaƙe da barandami da gora da wayoyi, a zaunar da samari a ƙasa, a kai wa ɗaya makirufo baki.

"Me ya kai ka?"

"Sharrin Shaiɗan ne, yallaɓai."

Ni ba na jin tausayin wanda ya yanka makiyayi ko ya sace yaro, kuma na san iyayen da aka zalunta suna samun sanyi in suka ga fuskar. Matsalar ita ce sashe na 36(5) na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar, kuma ran da kotu ta sallami mutum ba a kiran 'yan jarida. Hotonsa na zaune a ƙasa yana nan a wayar surukansa. Jihar Legas ta haramta irin wannan holi da doka tun 2021.

Hoton da ya zo a madadin na kamu. A 2020 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 ga duk wanda ya kawo Ado Aleru, bayan harin ƙauyen Kadisau a ƙaramar hukumar Faskari. Mutane suka zuba ido suna jiran hoton da aka saba: ƙasa, ankwa, layu a gaba. Ran 16 ga Yuli, 2022 hoton ya fito. Yana sanye da rawani, da rana tsaka, a fadar 'Yandoton Daji, an naɗa shi Sarkin Fulani, jama'a sun cika wurin. Gwamnatin Zamfara ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. A Afrilun 2023 ta mai da shi kan karagarsa.